Tornado: Jirgin Yaƙin Da Ke Naɗe Fukafukansa, Da Ƙaramar Kwamfutar Da Ke Tuƙa Shi Cikin Duhu

Da tsakar daren 17 ga Janairun 1991, daren da aka fara Yaƙin Tekun Fasha, wasu jiragen yaƙin Birtaniya sun tashi daga sansanin Muharraq na ƙasar Baharain da sansanonin Tabuk da Dhahran na Saudiyya, suka nufi filayen jiragen saman Iraƙi. Ba can ƙololuwar sama suka bi ba kamar yadda muka saba gani a fim. Ƙasa-ƙasa suka yi, tazarar da ke tsakaninsu da rairayin hamada ba ta wuce ƙafa 200 ba, wato kimanin mita 60. Babu farin wata, babu fitila, ga gudu na sama da kilomita 900 a awa guda.

Mai karatu ya ɗan yi lissafi. Kilomita 900 a awa na nufin mita 250 a kowace daƙiƙa. Kafin ka ƙifta ido ka buɗe, jirgin ya wuce tsawon filin ƙwallo. Idan tudu ya ɓullo a gaba, idon ɗan Adam ba zai gan shi cikin wannan duhu ba, ko ya gani ma hannunsa ba zai riga shi ba. Don haka a yawancin tafiyar ba matuƙin ne ke riƙe da jirgin ba. Rada ce ke kallon ƙasa, kwamfuta kuma ke ɗaga hancin jirgin tana sauke shi.

Sunan wannan jirgi Panavia Tornado. Abin da ya ja ni gare shi, a matsayina na mai rubuta manhaja, shi ne babbar kwamfutarsa ta farko, Litef Spirit 3, wadda girman ma'ajiyarta 64K ne kacal. Hoto guda da za ka ɗauka da wayarka yanzu ya ninka wannan fiye da sau goma. Amma da ita aka damƙa rayukan mutum biyu a kowane tashi. A yau za mu buɗe cikin jirgin mu ga na'urorinsa da makamansa, da inda suka yi aiki, da inda suka jawo asarar rai.

Yadda aka haife shi

A ƙarshen shekarun 1960, lokacin Yaƙin Cacar Baka, babban tsoron ƙasashen NATO shi ne wata rana tankokin Tarayyar Sobiyet su kwararo cikin Jamus ta Yamma. Ga shi kuma makamai masu linzami na kakkaɓo jirage sun yi ƙarfi. An ga misali a 1960, lokacin da Sobiyet ta harbo jirgin leƙen asirin Amurka samfurin U-2 duk da nisan da yake yi a sama. Dabarar da ta rage ita ce a bi ta ƙarƙashin idon rada. Duniya a lanƙwashe take, igiyar rada kuwa miƙewa take yi, saboda haka jirgin da ya manne da ƙasa ba a ganinsa sai ya matso kusa, ga tuddai da dazuzzuka na ƙara ɓoye shi.

A 1969 Birtaniya da Jamus ta Yamma da Italiya suka kafa kamfanin haɗin gwiwa mai suna Panavia. Birtaniya da Jamus kowacce ta ɗauki kashi 42.5 cikin ɗari, Italiya ta ɗauki kashi 15. Jirgin gwaji na farko ya tashi ranar 14 ga Agustan 1974 a Manching ta Jamus. Daga nan zuwa 1998 da aka rufe ƙira, an ƙera kusan guda dubu ɗaya. Iri uku ne: IDS na kai hari ƙasa, ADV na tare jiragen abokan gaba, da ECR na farautar rada. Namu na yau shi ne na kai hari, wanda Birtaniya ta kira GR1, daga baya GR4. Ƙasa ɗaya ce tak ta saye shi daga wajen masu ƙira, wato Saudiyya, a cinikin Al-Yamamah na 1985, wanda zargin cin hanci ya daɗe yana bi, har hukumar binciken manyan zamba ta Birtaniya ta dakatar da bincikenta a Disambar 2006.

Me ya sa fiffike ke motsi?

An ɗora wa jirgin buƙatu biyu da ba sa ga maciji da juna. Ana so ya tashi da kaya masu nauyi daga gajeren titi, domin an san da an fara yaƙi titunan jirage za a fara ragargazawa. Wannan na buƙatar fiffike mai faɗi, miƙaƙƙe. Ana kuma so ya yi gudu ƙasa-ƙasa, inda iska ke da kauri kuma take tumbatsa saboda zafi da tuddai. A nan faffaɗan fiffike azaba ne, domin duk bugun iska sai ya girgiza jirgin, kamar ka saka mota da gudu a titi mai ramuka. Matuƙi zai gaji, na'urori su wahala.

Maganin shi ne fiffike mai juyawa a kan wani ƙaton ƙusa da ke cikin akwatin ƙarfen titaniyom a tsakiyar jirgin. Wajen tashi da sauka, fukafukan na buɗe a digiri 25, faɗinsu ya kai kusan mita 14. A tafiya ta yau da kullum ana mayar da su digiri 45. Idan za a yi gudu sai a naɗe su baya zuwa digiri 67, faɗin ya koma mita 8.6, kamar shaho ya matse fukafukai zai faɗa wa ɗan tsako. Matuƙi ne ke zaɓa da wani marfi da ke kusa da na ba da wuta.

Wannan ya haifar da wata matsalar. Idan fiffike ya juya, tankin mai ko makamin da ke rataye a jikinsa zai karkace ya daina fuskantar gaba. Saboda haka aka sa maratayan su ma suna juyawa, ta yadda ko'ina fiffiken ya tsaya, kayan suna kallon gaba. Injinansa biyu, RB199, suna da wasu ƙofofi a baya da ke mayar da hucin injin gaba bayan sauka, don jirgin ya tsaya a gajeren wuri. Abin lura shi ne yau an daina zana sabbin samfuran jirage masu irin wannan fiffike. Nauyinsa da tsadar gyaransa sun yi yawa, kuma kwamfutocin sarrafa jirgi na zamani suna samar da yawancin amfanin ba tare da ƙusa ko ɗaya ba.

Radar da ke bin ƙasa

A hancin jirgin akwai rada biyu, duka na kamfanin Texas Instruments, wanda ɗalibai suka fi sani da kalkuleta. Babbar tana zana taswirar ƙasa ga mutumin da ke kujerar baya, wanda aikinsa lura da hanya da makamai. Ƙaramar da ke ƙasanta ita ce mai bin ƙasa.

Tana kaɗa igiyarta sama da ƙasa, tana auna nisan duk abin da ke gaba da kusurwarsa. Kwamfutar sai ta zana wani layi na ƙiyasi a gaban jirgin, shimfiɗaɗɗe a ƙarƙashinsa, bakinsa kuma a lanƙwashe sama kamar bakin kwalekwale. Ƙa'idar mai sauƙi ce. Idan ƙasar da rada ta gani ta ratsa wannan layi, a ɗaga hanci. Idan ta yi nisa da shi, a sauke. Siffar layin tana canzawa da gudun jirgi, domin mai gudu sosai dole ya fara hawa tun daga nesa. Matuƙi na zaɓar tsayin da yake so, daga ƙafa 200 zuwa 1,500, ya kuma zaɓi irin tafiyar: mai laushi, matsakaiciya, ko mai tsauri. A mai tsauri jirgin na manne wa kowane tudu da kwari, ya fi ɓoyuwa, amma cikin mutum na juyawa.

Rada tana da makanta. Ruwa mai kwanciya ko fili mai santsi na iya watsar da igiyar gaba maimakon ya dawo da ita, sai na'urar ta ga kamar babu komai a ƙasa. Don haka akwai wata ƙaramar rada dabam da ke kallon ƙasa kai tsaye tana auna tsayi, ita ke riƙe jirgin a irin wannan wuri.

Sashen da ya fi burge ni shi ne abin da tsarin ke yi idan ya samu matsala. Yana binciken kansa a kowane lokaci, kuma da zarar ya ga bayanin da bai yarda da shi ba, ba ya ci gaba da zato. Nan take yake ɗaga jirgin sama ya yi wa matuƙi gargaɗi. Masu ƙira sun zauna sun tambayi kansu: idan wannan abu ya lalace, ta wane gefe ya kamata ya faɗi? Mu da muke rubuta manhajar kuɗi ko ta asibiti, tambayar da ya kamata mu riƙa yi ke nan, kuma sau da yawa ba ma yi.

Umarnin da ke zuwa daga sandar matuƙi ko daga kwamfuta ba ya isa ga jela da fukafukai kai tsaye. Ta waya yake bi, cikin wani tsari mai layi uku da ke aiki tare. Idan ɗaya ya saɓa wa biyun, sai a yi watsi da shi. Idan duka suka mutu, akwai sandunan ƙarfe na ko-ta-kwana da za su iya kai jirgin gida.

Sanin inda kake ba tare da GPS ba

Lokacin da aka ƙera Tornado babu GPS mai aiki. Duk da haka ana so ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita cikin dare da hazo, ya faɗa kan gada guda a daƙiƙar da aka tsara.

Na'urar farko ita ce ta kamfanin Ferranti, mai ɗauke da jairo da ma'aunan motsi. Kafin tashi ana gaya mata daidai inda jirgin yake tsaye. Daga nan duk motsin da aka yi tana auna shi tana tarawa, kamar makahon da ya san ƙofar gidansa yana ƙirga taku. Ba ta buƙatar sigina daga waje, don haka ba a iya toshe ta. Aibinta shi ne ƙaramin kuskure na taruwa, bayan awa guda sai ka ga ta kauce da kusan kilomita biyu. Ta biyu rada ce ta kamfanin Decca da ke harba igiya ƙasa tana auna ainihin gudun jirgi a kan ƙasa. Ta uku shi ne mutumin baya, wanda ke neman wata alama da aka san wurinta, kamar gada ko kusurwar tafki, a allon radarsa, ya ɗora mata alama ya ce wa kwamfuta ga inda muke.

Kowanne cikin ukun yana ƙarya ta irin tasa. Aikin babbar kwamfuta shi ne ta haɗa su da wani lissafi da ake kira matacin Kalman, wanda Rudolf Kalman ya wallafa a 1960. Lissafin na riƙe da ƙiyasin inda ake, tare da ƙiyasin yadda ya yarda da wannan ƙiyasi, sannan duk sabon awo da ya shigo a ba shi nauyi gwargwadon amincinsa.

Na fara cin karo da wannan lissafi ne lokacin da nake haɗa wa wani mai sana'ar kai saƙo ƙaramar manhajar bin sawun baburansa. Ɗigon da ke taswira sai ya riƙa tsalle, babur na tsaye a bakin titi amma manhaja ta nuna shi cikin gidan mutane. Na kwashe kwanaki ina zargin wayoyin, kafin na gane cewa laifina ne da nake yarda da kowane awo ɗari bisa ɗari. Da na karanta yadda ake tace shi, na yi mamakin ganin cewa dabarar ta girmi iyayena a fagen aiki.

Wani abin da zai ba matasa dariya shi ne yadda ake loda shirin tafiya. Ana tsara hanya a ƙasa a kan teburin taswira, a naɗe bayanan a kaset, irin dai kaset ɗin da muka taso muka gani a rediyo, a shiga da shi jirgi a loda. Taswirar da ke motsi a gaban mutumin baya kuwa fim ce da ake haskawa, ana ɗora hoton rada a kanta.

Makaman zamanin farko

Tornado na iya ɗaukar kaya har kusan tan tara. A jikinsa akwai bindigogi biyu na Mauser BK-27 masu faɗin baki milimita 27, kowacce da harsashi 180, sai makamai masu linzami na Sidewinder masu bin zafin inji, don kare kai. Amma makamin da aka fi danganta shi da shi shi ne JP233.

JP233 ba bam guda ba ne. Dogon akwati ne mai nauyin fiye da tan biyu da ke manne a cikin jirgin, kuma Tornado na ɗaukar biyu. Kowane akwati na ɗauke da ƙananan bama-bamai 30 na fasa titi, da nakiyoyi 215. Na fasa titin suna sauka da 'yar lema, fashewar farko ta huda kankare, ta biyu ta shige ramin ta tashi daga ƙasa ta ɗaga titin. Nakiyoyin kuma su watsu, su miƙe a kan ƙafafunsu, wasu su fashe a lokuta daban-daban, wasu sai an taɓa su, domin a hana masu gyara matsowa. Jamus da Italiya suna da nasu mai kama da shi, MW-1. Sharaɗin amfani da shi ne mai tsanani: dole jirgi ya bi ta kan titin, a ƙasa, a miƙe, ba kauce-kauce, daidai inda abokan gaba suka jera bindigoginsu.

Don rage wannan haɗari akwai ALARM, makami mai linzami da ke bin igiyar rada har zuwa tushenta. Masu rada sun san dabarar kashe na'ura idan sun ji an harbo. Sai aka ba ALARM wata hanya: ya haura kusan ƙafa 40,000, ya buɗe lema, ya riƙa saukowa a hankali yana saurare. Da zarar an sake kunna radar sai ya yar da lemar ya faɗa mata. Jamus da Italiya kuwa sun keɓe samfurin ECR gaba ɗaya ga wannan farauta, da na'urar gano inda rada take da makamin HARM na Amurka.

A ƙarƙashin fukafukan jiragen Birtaniya akwai kwanso biyu. Sky Shadow na aika sigina don rikita radar abokan gaba. BOZ kuma na watsa siraran zaren ƙarfe, waɗanda sunansu na Turanci ke nufin ƙaiƙayi, don rada ta ga gajimare maimakon jirgi, da kuma curin wuta don yaudarar makamai masu bin zafi.

Abin da 1991 ta koyar

An ƙera jirgin ne don dazuzzuka da tuddan Turai, sai ga shi a hamada shimfiɗaɗɗiya, a kan filayen jirage masu girman gaske da tituna da yawa. Rada ba ta gan su da wuri ba, amma bindigogin kakkaɓo jirage ba sa buƙatar rada, sama kawai suke cikawa da harsashi. Birtaniya ta rasa Tornado shida a fagen fama a wannan yaƙi, yawancinsu a makon farko, Italiya ta rasa ɗaya. Tun ranar farko aka harbo jirgin John Peters da John Nichol, aka kama su, aka nuna su a talabijin ɗin Iraƙi da fuska a kumbure. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne cikin jiragen da aka rasa, ɗaya ne kawai ke aikin JP233.

Bayan kamar mako guda, ganin jiragen Iraƙi ba sa tashi, aka umarci Tornado ya koma sama, wajen ƙafa 20,000. Nan kuma sai sabuwar matsala ta fito. An daidaita lissafin sakin bam ɗinsa ne don ƙasa-ƙasa. Daga sama, iskar da bam zai ratsa kafin ya sauka tana kautar da shi, kuma jirgin ba shi da hanyar nuna wa bam inda zai faɗa. Sai da aka yi gaggawar kawo tsofaffin jiragen Buccaneer masu ɗauke da na'urar leza, suka fara aiki ranar 2 ga Fabrairu. Buccaneer na haska wuri da leza, Tornado ya saki bam ɗin Paveway mai ido a hanci, wanda ke bin hasken da ke dawowa. Aka kuma kai Tabuk wasu kwanso biyu na gwaji masu suna TIALD, da ke ba Tornado damar gani da haskawa da kansa.

Bam mai bin leza ma yana kuskure. A tsakiyar Fabrairu, a harin da aka kai wa wata gada a Falluja, bam ya kauce ya faɗa kasuwa, fararen hula da dama suka mutu, kuma rundunar saman Birtaniya ta amsa cewa nata ne. JP233 kuwa bai sake zuwa yaƙi ba. Bayan yarjejeniyar Ottawa ta 1997 da ta haramta nakiyoyin da ke kashe mutane, Birtaniya ta janye shi.

Sabuwar jijiya a tsohon jiki

Daga 1997 zuwa 2003 Birtaniya ta sabunta jirage 142 zuwa GR4. Daga waje bambancin kaɗan ne: an cire bindiga ɗaya, an sa kyamarar ganin zafi a ƙarƙashin hanci. A ciki ne aka yi aikin. An sa GPS, an gyara fitilun ɗakin matuƙi don su dace da tabaran ganin dare, sannan aka shimfiɗa layin sadarwa na MIL-STD-1553.

Wannan layi ya cancanci a tsaya a kansa. Gudunsa megabit ɗaya ne a daƙiƙa, abin da ko intanet ɗin wayarka a ranar da sabis ya yi rauni zai iya wucewa. Amma tsarinsa ba ya barin hayaniya. Akwai shugaba guda a layin, da na'urori har 31 a ƙarƙashinsa, kuma babu wadda ke magana sai an kira ta. Kowace kalma na ɗauke da bit 16 na bayani, kuma dole a amsa cikin ƙayyadadden lokaci. Wayoyin biyu ne, idan ɗaya ta yanke a koma ɗayar. A jirgin yaƙi, sanin daidai lokacin da saƙo zai iso ya fi yawan saƙon muhimmanci. Amfaninsa na biyu shi ne sabon makami ya zama kamar sabuwar na'ura da za a jona a rubuta mata manhaja, ba sai an sake jan wayoyi ba. Jamus ta yi irin wannan a shirinta na ASSTA, inda ta koma rubuta manhajar jirgin da yaren Ada.

Daga nan makamai suka canza kama. Paveway IV na haɗa GPS da leza, don haka gajimare ba ya hana shi. Brimstone ƙarami ne, nauyinsa kimanin kilo 50, yana da 'yar radarsa a hanci da ke iya neman tanka da kanta. Da aka ga haɗarin barin makami ya zaɓi abin hari a wurin da fararen hula suke, sai a 2008 aka fito da samfurin da aka ƙara wa idon leza, don mutum ya riƙa nuna masa. Storm Shadow kuwa nauyinsa kusan kilo 1,300, yana tafiyar sama da kilomita 250, an fara harba shi a Iraƙi a 2003. A 2011 jiragen Tornado sun tashi daga Marham a Ingila suka harba shi a Libiya suka koma, tafiyar kusan mil 3,000 da shan mai a sama. Yadda yake tafiya shi ne abin lura: ƙasa-ƙasa, yana gwada tsayin ƙasar da ke ƙarƙashinsa da taswirar da ke ma'ajiyarsa. Aikin da aka ƙera Tornado dominsa ya koma cikin makamin, mutanen kuma suka tsaya daga nesa.

Ranar da na'ura ta yi shiru

A daren 22 wayewar 23 ga Maris 2003, wani GR4 na dawowa sansanin Ali Al Salem a Kuwaiti bayan aiki a Iraƙi. Yayin da yake saukowa, wata rundunar makamin Patriot ta Amurka ta gan shi. Manhajar Patriot ta duba gudunsa da yadda yake gangarowa, ta sanya shi a rukunin makami mai linzami da ke farautar rada. Aka aika masa siginar tambaya ta tantance aboki da abokin gaba, bai amsa ba. Aka harba. Kevin Main da David Williams, mutum biyun da ke ciki, duk suka mutu.

Binciken ma'aikatar tsaron Birtaniya ya nuna abubuwa da suka haɗu. Ma'aunin da Patriot ke amfani da shi wajen rarraba abin da ya gani ya yi faɗi da yawa. Rundunar tana aiki ba tare da cikakkiyar sadarwa da sauran ba, ga lokacin yanke hukunci ƙalilan. Sannan na'urar amsa tambayar da ke jikin Tornado ta samu matsala, kuma babu alamar mutanen ciki sun sani. A jirgi guda, radar bin ƙasa an gina ta ne ta yi ihu idan ta lalace, ita kuwa wannan ta mutu shiru. Duk wanda ya taɓa rubuta kod ɗin da ke haɗiye kuskure ba tare da ya sanar da kowa ba, ya san irin wannan rami.

Wani misalin bai kai wannan muni ba. A Janairun 2016 aka ruwaito cewa jiragen Tornado na Jamus da ke Incirlik a Turkiyya, masu ɗaukar hoton leƙen asiri a Siriya da Iraƙi, ba sa iya tashi da dare, saboda bayan sabuntawar ASSTA 3 hasken ɗakin matuƙi ya yi yawa har yana kashe ido. An gyara daga baya, amma abin ya nuna cewa a gwada sabon abu a yanayin da za a yi amfani da shi, ba a ofis da rana kawai ba.

Akwai kuma abin da ba laifin na'ura ba ne. Jiragen Tornado na Saudiyya sun shiga yaƙin Yemen daga 2015, yaƙin da hare-haren sama suka kashe dubban fararen hula a cikinsa, kuma a Disambar 2016 Saudiyya ta amsa cewa ƙawancenta ya yi amfani da bama-bamai masu 'ya'ya samfurin BL755 ƙirar Birtaniya. Kyamara da leza suna kai bam inda aka nuna. Wanda ya nuna, da dalilin nunawar, wannan hukuncin mutum ne.

Inda yake a yau

Birtaniya ta yi ban kwana da Tornado a Maris 2019, bayan kusan shekara 40. Kafin nan, a farkon 2014, kamfanin BAE Systems ya sanar cewa jirgin ya tashi da wasu sassa da aka buga da firintar 3D, hanyar da ta rage tsadar kayan gyara. Jamus na riƙe da nata har zuwa wajen 2030, musamman saboda su ne aka tanada don ɗaukar bam ɗin nukiliyar Amurka samfurin B61 a ƙarƙashin tsarin NATO, kuma a 2022 ta amince da sayen F-35 guda 35 don su gaje su.

A 2023, da Birtaniya ta ba Yukren makamin Storm Shadow, jirgin da aka ɗora wa shi ne Su-24, wato mai naɗe fukafukai da Sobiyet ta ƙera don irin aikin Tornado a ɗaya ɓangaren. Hotunan da suka fito sun nuna cewa maratayan da aka liƙa masa don riƙe makamin an ciro su ne daga jiragen GR4 da suka yi ritaya.

Ga mai son ya taɓa wannan fasaha da hannunsa, ba sai ya je kusa da jirgin yaƙi ba. Wayarka na da jairo da ma'aunin motsi da GPS. Ka rubuta ƙaramar manhaja da ke karanta ma'aunin motsi kaɗai, ka ajiye wayar a tebur, ka ga yadda cikin minti ɗaya za ta ce ka yi tafiyar mitoci alhali ba ka motsa ba. Sannan ka haɗa da GPS, ka gwada matacin Kalman mai sauƙi, ka ga ɗigon ya natsu. Idan ka gama, ka kashe GPS ɗin da gangan ana tsakiyar aiki, ka duba ko manhajarka za ta gaya maka ta makance, ko za ta ci gaba da nuna maka wuri kamar babu abin da ya faru.